Allurar haska hoton MRI: me ya hana a kawo mana ta polima?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman ƙarin haske daga masana cikinmu. Hajiyarmu ce likita ya rubuta wa hoton MRI na kai, saboda wani ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga idonta na hagu ya fara gani dishi-dishi. Mun je da takarda, sai aka ce ba za a ɗauka ba sai mun kawo sakamakon gwajin ƙoda, wai akwai allurar da za a yi mata a jijiya ana tsakiyar ɗaukar hoton, kwantiras suke ce mata. Hajiya ta shekara 11 da ciwon suga, ga hawan jini. Da na dawo gida na duƙufa bincike a waya, abin da na gani ya hana ni barci. Ashe ƙarfe ne a cikin allurar, gadoliniyam, kuma yana iya yi wa mai raunin ƙoda illa. Can kuma na ci karo da rubuce-rubuce rututu kan wata iri da ake haɗawa da polima, an ce ta fi haska hoto kuma kaɗan ake buƙata. To in akwai wadda ta fi, me ya hana asibitocinmu kawo ta? Tsada ce, ko mu ne kullum ake bari da tsohon yayi? In ana samu a Masar ko Indiya a faɗa mini mu san abin yi.

MamanIlham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni an yi mini sau biyu, bara da bana. Sanyi kawai na ji yana bin hannuna, sai wani ɗanɗano kamar na tsotsi kwabo. Wallahi ƙarar na'urar ta fi allurar damuna, kamar ana sassaƙa turmi a cikin kunnena. Ka kwantar da hankalinka.

MaiHoto_Sabongari:
Amin. Ɗan'uwa, aikina ke nan, shekara 9 ina ɗaukar hoton MRI. Kada ka sayar da komai don neman tikitin jirgi. Allurar gadoliniyam ta polima da kake magana babu ta a kantin maganin kowane asibiti, ko Alƙahira ko Landan. Abin da ka karanta rahotannin ɗakin bincike ne, mafi yawa a kan ɓeraye da zomaye. A Jamus ma ba ta polima ake yi wa mara lafiya ba.

Yadda muke yi: ana auna nauyin mutum, a ba shi milimol 0.1 (ma'aunin yawan sinadarin ke nan) a kowane kilo. Mai kilo 70 zai samu kimanin mililita 14 na yawancinsu, ko mililita 7 in Gadovist ce, don ta ninka sauran kauri. Mukan ɗauki hoto kafin allura, mu sake ɗauka bayan allura, likitan hoto ya jera su ya ga inda ya ɗauki haske. A ƙwaƙwalwa akwai wani shinge tsakanin jini da naman ƙwaƙwalwa, lafiyayyen wuri ba ya barin maganin ya tsallaka. Inda ƙari ko kumburi ya ɓata shingen, nan maganin ke tsiyaya, wurin ya fito fari tas. Shi ya sa likitan Hajiya ya nemi a yi da allura, musamman da maganar ido ta shigo.

Gwajin ƙodar da aka ce ku kawo kuwa, alama ce kun faɗa hannun masu bin ƙa'ida. Wanda zai tsira mata allura bai tambaya ba shi ne abin gudu.

Bakatsine77:
Ku tsaya tukuna. Polima ba ita ce leda da roba ba? Yanzu leda ake son a narka a ɗura wa mutane a jijiya? Allah ya kiyashe mu.

Kemis_Samaru:
@Bakatsine77 ka ba ni dariya, Malam. Leda polima ce, gaskiya, amma tuwon da ka ci jiya ma polima ne. Sitaci polima ne, auduga polima ce, ƙaron da ake zubawa a tawada polima ne. Ma'anar kalmar kawai ita ce ƙananan ƙwayoyin sinadari iri ɗaya da aka jera suka zama doguwar sarƙa, kamar 'ya'yan carbi a zare. Wanda aka fi amfani da shi a wannan fanni, destiran, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke ƙera shi daga sukarin rake.

Ni a kan irin waɗannan abubuwa nake karatun digiri na biyu, bari in ɗan yi bayani yadda na fahimta. Na'urar MRI ba maganin take gani ba, ruwan jikinka take saurare. Maganaɗisu ya jera ƙwayoyin haidurojin na ruwan, a buge su da igiyar rediyo su karkace, sai a auna saurin komawarsu daidai. Gadoliniyam, na 64 a jadawalin sinadarai, yana da 'yan ƙwayoyin lantarki (ilektiron) guda 7 marasa abokin zama, wannan ya sa shi kansa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai ƙarfi. Duk ruwan da ya taɓa shi sai ya koma daidai da sauri, wurin ya yi haske a hoto.

Matsalar, gadoliniyam tsirararsa guba ne. Girmansa kusan ɗaya da kalsiyam, sai jiki ya ɗauka kalsiyam ne ya buɗe masa ƙofa. Don haka ake damƙe shi da wani sinadari mai hannuwa kamar ƙaguwa. Gadoliniyam yana da gurbi 9, ƙaguwar ta riƙe 8, a bar guda ɗaya inda ruwa zai riƙa zuwa yana taɓawa yana wucewa, sau miliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Ta farko da ta shiga kasuwa ita ce Magnevist, ta kamfanin Schering na Balin, a 1988.

Yanzu ga inda polima ta shigo. Waɗannan ƙananan ƙwayoyi, da nauyinsu bai kai dalton 1,000 ba (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari), suna juyawa a cikin ruwa da gudun tsiya, kamar katantanwar da yara ke murzawa. Saurin ya yi yawa, ruwa ba ya cin moriyarsu sosai. In ka ɗaure su a jikin wani abu babba mai nauyin jiki, juyawar ta ragu, kowane gadoliniyam guda sai ya yi aikin da da sai uku ko huɗu za su yi. Ƙari a kan haka, babban abu ba ya saurin tsiyaya daga jijiya, yana zama cikin jini, sai a samu lokacin ɗaukar hoton jijiyoyi a tsanake. Abin da Ɗan_Gwammaja ya karanta ke nan, kuma ba ƙarya ba ne.

AlhajinTasha:
To kun ji da bakin ɗan boko. Abu ya fi kyau, kuma kaɗan ake buƙata, amma babu shi a kasuwa. Ni ɗan kasuwa ne, na san wannan karatun. Wa zai kawo abin da za a sayi kwalba ɗaya maimakon huɗu? Kamfanonin nan ɓoye shi suka yi.

Dakta_Ƙoda:
Alhaji, a yi haƙuri in ɗan saɓa maka. Ni likitar ƙoda ce, kuma abin da Kemis ya lissafa a matsayin falala, wato zama cikin jini, shi ne ainihin abin da ke tayar mana da hankali.

Ƙoda rariya ce. Ƙaramin abu ya wuce cikin fitsari, babba ya tsaya. Furotin ɗin jini da ake kira albumin, mai nauyin dalton kusan 66,000, lafiyayyar ƙoda ba ta barin sa ya wuce, shi ya sa in muka gan shi a fitsarin mai ciwon suga muke cewa rariya ta fara yagewa. Allurar da ake yi yanzu ƙarama ce, a mai lafiyar ƙoda rabinta ya fita cikin kamar awa ɗaya da rabi, kafin kwana ɗaya kusan duka ta bar jiki. A wanda ƙodarsa ta gaza, wannan awa ɗaya da rabi kan iya zama fiye da awa 30. Kuma ƙaguwar da Kemis ya faɗa ba ta riƙo har abada. In aka daɗe, zinc da sauran ƙarafan jiki sukan ture gadoliniyam su zauna a gurbinsa, shi kuma ya fita ya maƙale a ƙashi da fata.

Mun ga sakamakon haka. Daga 1997 aka fara ganin wata baƙuwar cuta a Amurka a jikin masu wankin ƙoda: fata ta yi kauri ta taurare kamar ƙirgi, gaɓoɓi su ƙage, wasu har su kasa miƙe ƙafa, wani lokaci ta taɓa huhu da zuciya. An bayyana ta a rubuce a 2000, amma ba a san sanadinta ba sai 2006, da wani likitan ƙoda a Ostiriya, Thomas Grobner, ya lura cewa marasa lafiyarsa da suka kamu duk an yi musu allurar gadoliniyam makonni kaɗan kafin nan. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalayen. NSF ake kiran cutar a taƙaice. Gwajin da aka ce Ɗan_Gwammaja ya kawo, daga nan ya samo asali.

To ka duba, Alhaji. Ƙaramar da ke fita cikin kwana ɗaya ta yi wannan aika-aika a inda ta samu jinkiri. Sai a ce a kawo wadda aka ƙera ta musamman don ta yi jinkiri a jikin kowa?

Ɗan_Gwammaja:
Innalillahi. Dakta, wannan bayani ya ƙara tsorata ni. Ke nan mu haƙura da hoton?

Dakta_Ƙoda:
A'a ƙanena, ban ce haka ba. Ka bari sakamako ya fito. Lambar da za ka duba ita ce eGFR, wadda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Haɗarin yana ga wanda tasa ta gaza 30, ko mai wankin ƙoda, ko wanda ƙodarsa ta samu rauni farat ɗaya a 'yan kwanakin nan. Ko a cikin waɗannan ma, nau'in allurar ne ke raba gardama. A 2020 an tattara bincike 16 da suka ƙunshi mutum 4,931 masu tsananin ciwon ƙoda da aka yi wa nau'o'in da ake ɗauka masu aminci, ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu ba. Rashin gano abin da ke danne mata jijiyar ido ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Kemis_Samaru:
Dakta ta riga ni zuwa inda na nufa. @AlhajinTasha ba a ɓoye ba, an gwada, kuma kamfanonin da kake zargi su suka fi kowa zuba kuɗi. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka liƙa gadoliniyam da yawa a jikin albumin. Hotunan jijiyoyin ɓeraye suka fito gwanin sha'awa, amma abin ya yi makonni a jiki, ƙarfen ya taru a hanta da ƙashi. Ba a kai shi ga mutane ba. An gwada da destiran, an gwada da wata polimar mai suna polilaisin, labarin bai sauya ba.

Akwai kuma wata matsala ta ƙira. In za ka ɗaura ƙaguwar a jikin zaren, sau da yawa da ɗaya daga cikin hannuwanta ake ɗaurawa. Ka ga riƙon da take yi wa gadoliniyam ya ragu ke nan. Sannan polimar gargajiya ba ta fitowa da tsayi ɗaya: a tukunya guda wani zaren gajere, wani dogo. Gajeren ya fita da fitsari yau, dogon ya kwana goma. Hukumar magunguna ba ta son abin da ba za ka iya faɗa mata takamaiman girmansa ba.

Wannan ya sa aka koma ga dendirima. Ku tuna bishiyar goruba, yadda gangar jikinta ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Haka ake gina ta, hawa-hawa, kowane hawa bakunan reshe su ninka, kuma duk ƙwayoyin girmansu ɗaya. Donald Tomalia ne ya fito da irin wannan a kamfanin Dow, ya wallafa a 1985. A 1994 aka rataya mata gadoliniyam a bakunan rassa, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da Paul Lauterbur, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta 2003 tare da Peter Mansfield saboda MRI ɗin kanta. Schering ta ƙera tata, Gadomer-17, gadoliniyam 24 a ƙwaya guda, nauyi wajen dalton 17,000. An auna girman ne da gangan: ya isa ya ɗan jima a jijiya, bai kai ya gagari rariyar ƙoda ba. Har an gwada ta a jikin mutane don hoton jijiyoyin zuciya. Ba ta shiga kasuwa ba.

AlhajinTasha:
Yawwa! Ta yi aiki, tana fita ta ƙoda, an gwada a mutane, amma ba ta shiga kasuwa ba. Me na ce?

Kemis_Samaru:
A nan kam kana da rabin gaskiya, Alhaji, sai dai ba ta fuskar da ka ɗauka ba. Akwai wata mai suna gadofosbeset, an sayar da ita da sunan Vasovist, daga baya Ablavar. Ita ba polima ba ce, ƙarama ce mai wayo: in ta shiga jini sai ta ɗafe a jikin albumin ɗin mutum, ta ari girmansa, can ta sake shi ta fita. Turai ta amince da ita a 2005, Amurka a 2008. Ta shiga kasuwa sarai, amma aka daina yin ta saboda ba a saye. Na'urori sun ƙara sauri, har ana iya ɗaukar hoton jijiyoyi da allurar yau da kullum kafin ta tsiyaye. Ciniki ne ya kashe ta, ba ɓoyo ba.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan IRM muke ce ma ta. Wana yana aiki a Faransa, ya ce mini can Turai an hana wannan allura gaba ɗaya tun da aka gano tana zama cikin ƙwaƙwalwa. In haka ne, don mi lokotoro ke rubuta muna ita a nan?

MaiHoto_Sabongari:
Wa alaikumus salam mutanen Katsinar Maraɗi. Yayanka ya ji ƙarshen zance ne bai ji farkonsa ba. A 2014 wani likitan hoto a Japan, Kanda, ya lura cewa waɗanda aka yi wa allurar sau da yawa, wasu wurare biyu can cikin ƙwaƙwalwarsu suna fitowa da haske ko ba a yi musu sabuwar allura ba. Aka bincika aka tarar ɗan gadoliniyam ne ya rage, har a masu lafiyar ƙoda. Har yau ba a tabbatar da wata cuta da wannan ragowar ke haddasawa ba, amma a 2017 hukumar magunguna ta Turai ta yi rigakafi.

Allurar iri biyu ce. Akwai mai miƙaƙƙen sinadari da ke naɗe ƙarfen kamar an riƙe tsuntsu a hannu, akwai mai zobe da ke kulle shi kamar an sa shi a keji. Masu miƙaƙƙen ne Turai ta dakatar: Omniscan, Optimark, da Magnevist ta jijiya. Biyu daga cikin danginsu aka bar su don hoton hanta. Masu keji, wato Dotarem, Gadovist da ProHance, ana nan ana amfani da su kullum, kuma Dotarem ɗin ma a Faransa ake yin ta. Amurka ba ta janye ko ɗaya ba, gargaɗi ta ƙara. Don haka tambayar da za ka yi a likita ita ce: wacce za ku yi mini? Kana da haƙƙin a nuna maka kwalbar.

TsohonMalaminFizis:
Na daɗe ina karatu ban tanka ba. Ɗana Kemis, bayaninka ya yi kyau, amma ka bar wani abu da ya kamata a faɗa. Ribar da ake samu daga rage saurin juyawa ba a kowace na'ura take ba. Tana da ƙarfi a maganaɗisu mai rauni zuwa matsakaici, daga tesla 0.5 zuwa 1.5 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Da ka hau tesla 3 sai ta fara zubewa, in ka ƙara sama babbar ƙwayar ta kusa komawa daidai da ƙaramar. To shekarun da masu kemistiri suka kwashe suna gina manyan ƙwayoyinsu, a shekarun ne manyan asibitocin duniya suka riƙa sayen tesla 3. An yi ɗinki, kafin a gama yaro ya girma. Ka ƙara wannan cikin dalilanka.

Kemis_Samaru:
Na karɓi gyara, Baba. Haka ne, kuma yawancin alƙaluman ban mamaki da ake gani a takardu a ƙaramin maganaɗisu aka auna su, cikin kwalba, ba cikin jini ba. Allah ya ƙara girma.

MamanIlham:
Tunda likitoci na kusa bari in cusa tawa. Lokacin da aka yi mini na biyun ina shayarwa, wata ma'aikaciya ta ce in yi kwana uku ban ba yarinya nono ba. Mun sha wuya, yarinya ta ƙi madarar gwangwani, ni ga nono ya cika yana zogi. Daga baya wata ta ce mini ba dole ba ne. Wanne ne daidai?

Dakta_Ƙoda:
Sannu Maman Ilham, kin wahala a banza. Abin da ke shiga nono bai kai kashi 0.04 cikin 100 na allurar ba, kuma ɗan kaɗan daga wannan ne hanjin jariri ke tsotsa. Shawarar ƙungiyoyin likitocin hoto ita ce a ci gaba da shayarwa. Mai ciki ce ake kauce wa yi mata sai in ya zama dole, don yana ratsa mahaifa.

Bakatsine77:
Ni kuma tambayata, in mutum yana azumi aka yi masa, ya karye?

Gimbiyar_Zazzau:
@Bakatsine77 wannan ta malamai ce, ka kai musu. Abin da zan iya ce maka a matsayina na nas, ba abinci ba ce, ba ƙarin ruwa ba ce. Amma mukan so mutum ya sha ruwa sosai bayan an yi, don haka in hoton ba na gaggawa ba ne ka nemi a sa maka ranar da ba ka azumi. Mu koma kan Hajiya don Allah, kun bar bawan Allah yana jira.

Injiniya_Kumasi:
Gaisuwa daga Zongo. Ni abin da ban gane ba, dole sai gadoliniyam? Jikinmu cike yake da ƙarfen jini, shi ma ai maganaɗisu na kama shi.

Kemis_Samaru:
Tambaya mai kyau, Injiniya, kuma a nan ne polima ta ci nasara, sai dai a matsayin riga. Ana yin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin tsatsar ƙarfe, a lulluɓe su da destiran ko danginsa don kada su dunƙule cikin jini. Feridex ta samu amincewa a Amurka a 1996 don hoton hanta, daga baya aka daina yin ta, ita ma rashin ciniki. Wadda ta rayu ita ce ferumositol, Feraheme a kasuwa. Abin dariyar, a 2009 an amince da ita ne a matsayin maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda, sai likitocin hoto suka riƙa aron ta. Rabinta kan ɗauki wajen awa 15 kafin ya bar jini, kuma ba ta bi ta ƙoda: jiki ne ke kwance rigar ya zuba ƙarfen a rumbunsa.

Dakta_Ƙoda:
Kada dai a ɗauka ruwan zamzam ce. A 2015 an sa mata gargaɗi mafi tsanani saboda wasu jikinsu ya yi mummunan bore da ita, har an rasa rayuka. Shi ya sa ake ɗura ta a hankali, a tsare mutum ana duba shi. Kuma takan yi makonni, wani lokaci watanni, tana sauya kamannin duk hoton MRI da za a sake ɗauka.

MaiHoto_Sabongari:
Tunda an zo kan wasu ƙarafa, ga wani abu da zai ba ku mamaki. In za a ɗauki hoton hanyoyin matsarmama, wasu wuraren ruwan abarba suke ba mutum ya sha. Manganis ɗin da ke cikinsa yana dusashe hasken ruwan ciki, hanyoyin su fito sarai. Na taɓa ba wani dattijo, ya shanye ya miƙo kofi wai a ƙara, tunda ya biya kuɗin hoto.

AlhajinTasha:
Wannan dattijo ɗan'uwana ne. Amma har yanzu ban ji an ce an haƙura da ta polimar ba. Ana yi ko an bari?

Kemis_Samaru:
Ana yi, Alhaji, ni ma ciki nake. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Zheng-Rong Lu a Amurka: a haɗa 'ya'yan carbin da wani ƙulli na sulfa biyu wanda sinadaran jini ke kwancewa a hankali. Ta shiga a babba, ta yi aikinta, zaren ya tsinke, 'ya'yan su watse su fita ta ƙoda. A dabbobi ta yi kyau. Wasu kuma sun ce a bar ƙarfe kwata-kwata. Ɗakin binciken Jeremiah Johnson a jami'ar MIT ta Amurka ya gina polima mai ɗauke da wasu ƙwayoyi da ake kira naitirosaid, kowace da lantarki ɗaya mara aboki. Ɗaya ina zai kamo bakwai? Sai a tara su da yawa a ƙwaya guda. Abokin gabarsu bitamin C ne na cikin jini, shi ke kashe su, don haka ake ɓoye su can cikin rassan polimar.

Akwai kuma fatan cewa manyan ƙwayoyi za su taru a cikin ƙari, don jijiyoyin ƙari a yage suke. Maeda da Matsumura suka bayyana haka a Japan a 1986. A ɓera abin yana fitowa ƙarara, a mutum kuwa wani ƙarin ya yi, wani ya ƙi.

A gefe guda masu ƙananan ƙwayoyi ba su zauna ba. A 2022 Amurka ta amince da gadopikilenol, mai keji ce kuma tana barin ruwa biyu su taɓa ƙarfen maimakon ɗaya, don haka rabin adadin da aka saba ake bayarwa, milimol 0.05 a kilo. Wato alƙawarin rage yawan ƙarfe da polima ta yi shekara 30 tana yi, ƙaramar ce ta fara cikawa. Wannan yana ɗan yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

TsohonMalaminFizis:
Rage yawan yana da wani amfanin da ba na mara lafiya kaɗai ba. Abin da aka fitsarar, matatun ruwa ba sa iya cire shi. Tun 1996 aka auna gadoliniyam na asibiti a kogunan Jamus, daga baya har a ruwan famfon Balin. Kaɗan ne ƙwarai, amma yana nan.

Ɗan_Gwammaja:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu na karɓo sakamako, eGFR ɗin Hajiya 44. Na koma wajen masu hoton na yi tambayar da MaiHoto ya koya mana. Da farko matar da ke kan tebur ta ɗan ɓata rai, wai ni likita ne? Na ce a'a, ɗan mara lafiya ne. Can wani ya fito da kwalbar ya nuna mini, Dotarem ce. Sun ba mu ranar Talata da safe. Maganar Indiya dai na ajiye ta.

Dakta_Ƙoda:
44 ba ta cikin layin haɗarin allurar, a yi hoton. Amma 44 a mai suga da hawan jini ba lambar da za a naɗe a sa a aljihu ba ce. Bayan an gama da maganar kai, ku kai ta asibitin ƙoda, a duba fitsarinta, a sake duba magungunanta. In tana shan maganin sugan nan metformin a gaya wa likitanta wannan lamba, wataƙila ya rage mata. Kuma ta bar magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, na san iyayenmu da su.

Gimbiyar_Zazzau:
A cire mata ɗan kunne, awarwaro da fil ɗin mayafi tun daga gida. In tana da haƙorin Makka ko an taɓa sa mata ƙarfe a jiki, a faɗa musu kafin ta shiga. Kwalli ma kada ta sa ranar, wani yana ɓata hoton wajen ido.

AlhajinTasha:
Allah ya ba ta lafiya. Ni dai har yanzu ina nan kan bakata game da waccan mai 24 ɗin. Kemis, in ka gama taka ka zo mu yi magana, ina da shago a bakin asibiti.

Kemis_Samaru:
Alhaji, tawa ko ɓera bai gan ta ba tukuna. Wata uku ke nan ina jiran sinadari ɗaya ya iso daga waje.

Ɗan_Maraɗi:
@MaiHoto_Sabongari na duba takardar da aka ba ni wancan watan, ba a rubuta sunan allurar ba sam, an dai ce an yi. Akwai yadda zan gane wacce ce aka yi mini?